Yadda Ake Zaɓen Kifin Ƙarya da Sarrafa Shi Wajen Kamun Kifin Tela

Kifin tela ya ci sunansa. Haka masuntan Ostireliya suke kiransa saboda haƙoransa suna yanka raga da zare kamar almakashin tela. A Amurka suna ce masa shuɗin kifi, a Turkiyya lüfer, a Afirka ta Kudu shad ko elf, masana kimiyya kuma suna kiransa Pomatomus saltatrix. A Ostireliya ana samunsa daga kudancin jihar Queensland, a gangaro gaɓar New South Wales, sannan a gaɓar Yammacin Ostireliya har zuwa wajen Shark Bay. Yawancin waɗanda ake kamawa daga bakin teku tsawonsu santimita 30 zuwa 50 ne, manyan kuma, waɗanda bayansu ya yi kore, sukan haura santimita 60.

Abu biyu ne suke yanke hukunci a kan duk abin da za ka ɗaura a bakin zarenka: haƙoransa da saurinsa. Tela mafarauci ne mai yawo a gungu, yana bin ƙananan kifi da gudu, kuma ta baya yake kai hari, ya datse wutsiya tukuna. Don haka kifin ƙarya, wato ɗan abin da ake ƙerawa kamar ƙaramin kifi a ɗaura a bakin zare don a yaudare shi, wanda zai yi maka aiki shi ne wanda haƙori ba ya cinsa, wanda yake tafiya nesa idan an jefa, wanda ba ya rikicewa idan an ja shi da sauri, kuma ƙugiyarsa ta baya mai kaifi ce.

Na ƙarfe shi ne uban tafiya

Idan kuɗinka na iri ɗaya ne kawai, sayi na ƙarfe. Ɗan guntun ƙarfe ne dogo mai ƙyalli, siffar ƙaramin kifi, da zobe a gaba da ƙugiya a baya. Halco Twisty, na kamfanin da ke Fremantle, da Spanyid Raider suna cikin waɗanda aka fi gani a akwatunan masu fatsa a can. Amfaninsa uku ne. Yana ratsa iska ya kai inda sauran ba sa kaiwa, yana nitsewa da wuri ta yadda za ka iya laluba kowane zurfi, sannan ko tela ɗari sun cije shi, fenti kawai zai kankare.

Nauyi ya danganta da wuri. A cikin kogi ko bakin kogi, irin Kogin Swan na birnin Perth ko tashar ruwan Sydney, inda ƙananan tela suke bin 'yan mitsi-mitsin kifi, giram 10 zuwa 20 ya isa. A bakin teku mai yashi, giram 30 zuwa 50 ne aka fi aiki da shi, kuma giram 40 shi ne wanda zai fi daɗewa a bakin zarenka. Giram 60 zuwa 85 na ranar da iska take bugo ka a fuska ne, ko ranar da gungun ya tsaya can bayan inda igiyar ruwa take karyewa. Kafin ka ɗaura mai nauyi, duba jikin sandarka kusa da mariƙi. An rubuta nauyin da take iya jefawa, misali 20 zuwa 60. Wanda ya ɗora giram 85 a kan irin wannan sanda ya yi jifa da ƙarfi, ƙarar karyewar tsininta zai ji.

Tsawo ya fi launi muhimmanci, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asarar safiya guda. Za ka ga ruwa yana tafasa da tela, tsuntsaye suna faɗawa, kana jifa tsakiyarsu, amma ko taɓawa babu. Sau da yawa dalilin shi ne abin da suke ci bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kai kuma ka jefa musu mai tsawon tafin hannu. Duba yashi a gaban ƙafarka, domin ƙananan kifin da aka koro sukan faɗo gaɓa. Idan ka kama tela ɗaya, yakan amayar da abin da ya ci. Auna da ido, ka ɗauko ƙarfen da ya fi kusa da wannan tsawon, ko da hakan na nufin ka rage nisan jifa.

Launi kuwa kada ya ɗauke maka hankali. Farin ƙarfe mai ƙyalli na yawancin lokaci, mai ruwan zinariya idan ruwa ya gurɓace ko gari ya yi lumshi, mai shuɗi ko kore a baya idan suna cin sadin. Sauran launukan da suka cika bangon shago masu saye suke kamawa.

Masu tafiya a saman ruwa

Akwai mai faffaɗan baki kamar ƙoƙo, wanda ake kira fofa, da yake tura ruwa yana fesawa da ƙara idan ka fizge shi. Akwai kuma dogo maras leɓe da yake tafiya yana karkata hagu da dama kamar kifin da ya jikkata. Tsawon santimita 9 zuwa 14 ya dace da tela. Waɗannan biyun ba sa kai nisan na ƙarfe, amma suna da wurin da babu kamarsu: saman duwatsun da ruwa ya ɗan rufe. A irin gaɓar Kalbarri da ke Yammacin Ostireliya, manyan tela suna laɓewa cikin kumfar da ke zubowa daga kan dutse, a ruwan da bai kai ƙugu ba. Ka jefa ƙarfe a can, kafin ka juya hannu sau biyu ya maƙale. Mai iyo a sama kuwa zai wuce ta kan dutsen lafiya, kuma yakan zaɓo manya.

Ja shi da fizga gajera, ka naɗe sakin zaren, ka sake fizga. Kuskuren da aka fi yi da shi shi ne saurin ɗaga sanda. Tela yakan taso ya buge shi ya kuskure, ruwa ya fantsama, mai sanda ya zabura ya fizge, kifin ƙaryan ya tashi sama ya bar wurin. Kada ka bi idonka. Ci gaba da ja kamar ba abin da ya faru har sai ka ji nauyi a hannunka, domin wanda ya kuskure yakan dawo, ko wani daga cikin gungun ya riga shi.

Mai leɓen roba a gaba, wanda yake nitsewa mita ɗaya zuwa biyu yana kaɗa jiki, ya fi dacewa da jan sa a bayan jirgin ruwa a hankali kusa da bakin kogi ko gefen tsibiri. Daga gaɓa kuma yana aiki idan ruwa ya kwanta, sai dai iska tana hana shi nisa.

Na roba mai laushi, tela yana son sa ƙwarai, aljihunka ne ba zai so ba. Cizo ɗaya ya tafi da wutsiya ya bar maka kai. Ajiye shi don wani kifin.

Ƙugiya

Yawancin kifin ƙarya suna zuwa da ƙugiya mai baki uku. Tana saurin kamawa, amma tela da zarar ya ji ƙarfe sai ya yi tsalle ya girgiza kai, nauyin ƙarfen da ke lilo a waje ya zama abin da yake ɓalle ƙananan bakunan nan daga leɓensa. Shi ya sa gogaggu da yawa suke cire ta su sa mai baki ɗaya, irin wadda idonta yake a layi ɗaya da bakinta don ta tsaya daidai a kan zobe. Ga ƙarfe mai giram 40, lamba 3/0 ko 4/0 ta yi. Za ka ɗan rasa wasu cizon, amma wanda ya kamu ya kamu, cirewa ta fi sauƙi, kuma ƙaramin da za ka mayar ruwa ba zai tafi da baki a yage ba. Wasu suna ƙara zobe na biyu tsakanin ƙarfen da ƙugiyar domin ta sami wurin juyawa idan kifin ya girgiza kai. Dabara ce mai arha, kuma tana rage suɓucewa.

Gwada kaifi a kan farcen babban yatsa. Idan bakin ƙugiyar ya zame bai kama ba, wasa shi ko ka canza. Yashi da dutse suna dakusar da ita cikin awa guda.

Sanda, manaɗi da zare

A bakin teku, sanda mai tsawon ƙafa 9 zuwa 11 ce ta dace. Wadda ta fi haka tsawo tana ƙara nisa kaɗan, amma bayan jifa ɗari kafaɗarka za ta gaya maka. A kogi, ƙafa 7 ta wadatar. Manaɗin zare ya zama mai lamba 4000 zuwa 6000, mai sauri, wanda kowane juyi ɗaya na hannu yake juya kansa kusan sau shida, ya naɗo zare kusan mita ɗaya. Da manaɗi maras sauri, sai ka gaji da juyi ƙarfen bai kai saurin da ake so ba.

Babban zare ya zama kitsattse, mai ƙarfin fam 15 zuwa 20 kamar yadda ake rubutawa a kwalinsa, wato kilo 7 zuwa 9. Siriri ne, yana ba da nisa, kuma ba ya miƙewa, don haka za ka ji cizo ko daga mita 80. A bakinsa ka haɗa zaren gaba na roba mai kauri, fam 30 zuwa 40, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙullin da ake kira FG shi ne mafi siriri, yana wucewa ta zobban sanda ba tare da karo ba. Idan bai zauna maka a hannu ba tukuna, yi ƙullin uni biyu masu fuskantar juna, amma ka gajarta zaren gaban yadda ƙullin zai tsaya a wajen tsinin sanda lokacin jifa.

Maganar sa wayar ƙarfe tsakanin zaren gaba da kifin ƙarya ita ce gardamar da ba ta ƙarewa. Waya tana hana yankewa, babu musu. Amma a ruwa mai haske tela yana ganinta, cizo ya ragu, kuma tana kashe rawar mai iyo a sama. Tunda ta baya yake kamawa, yawanci jikin ƙarfen ne yake tsakanin haƙoransa da zarenka. Saboda haka fara da roba. Idan aka yanke maka sau biyu a jere, ko kana jifa cikin duhu, ko manya ne suke haɗiye ƙaramin ƙarfe gaba ɗaya, sai ka sa waya siririya baƙa mai tsawon santimita 10 zuwa 15, kada ta fi haka.

Akwai wata yankewar da take ɗaure wa sababbi kai: zare ya dawo a yanke can sama, nesa da inda ƙugiya take. Wannan aikin abokan tafiyar kifin ne. Majuyi, wato ɗan ƙarfen haɗi mai juyawa da ake sawa tsakanin zare biyu, idan mai ƙyalli ne yana barin 'yar kumfa a ruwa, wani tela ya ɗauka abinci ne ya kai masa cizo. Idan za ka sa majuyi, kuma ƙarfen da yake juyawa a ruwa yana buƙatarsa don kada zare ya murɗe, sa ƙarami baƙi maras ƙyalli, a manne da hancin ƙarfen. Bayan kowane kifi, bi zaren gaba da yatsu biyu. In ka ji kaushi ko ɗan tsagi, yanke ka sake ɗauri nan take. Minti ɗaya ne, kuma babban da kake jira a kan wannan tsagin zai tsinke.

Inda za ka jefa, da lokacin

Tela yana son kumfa. Ƙananan kifi suna ɓuya a ƙarƙashinta, shi kuma yana sintiri a gefenta. A gaɓar yashi, hau wuri mai tudu ka dubi ruwa kafin ka sauka. Inda igiyar ruwa take karyewa ta yi fari, tudun yashi ne a ƙasa. Inda ruwa ya yi duhu, kore ko shuɗi, igiya ta wuce ba ta karye ba, kwari ne. Abin nema shi ne kwarin da yake tsakanin tudun waje da gaɓa, mai ƙofa ɗaya ko biyu da take fita teku, kumfar tudun kuma tana malalowa cikinsa. Jefa kan tudun, ka jawo ƙarfen ta cikin kumfar ya faɗo kwarin. Yawancin cizo a wannan iyakar yake zuwa, inda fari ya haɗu da kore. Bakin kogi, ƙarshen katangar duwatsu da hancin dutsen da ya shiga teku duk suna bin wannan ƙa'idar.

Lokaci kuwa, daga ketowar alfijir zuwa awa ɗaya bayan fitowar rana, sai kuma awa ɗaya kafin faɗuwarta zuwa duhu. Idan wannan ya haɗu da cikowar teku, an dace. Da tsakar rana gungun yakan koma zurfi, sai ranar hadari ko ranar da ruwa ya hargitse. A gaɓar Perth, iskar teku da take tasowa daga kudu maso yamma da rana a lokacin zafi tana dama ruwan gaɓa, tela kuma su matso da yamma. A gabas, babban lokacin shi ne sanyin can da farkon bazararsu, kusan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da gungu-gungu suke haurawa arewa don yin ƙwai a gaɓar Queensland, wajen tsibirin K'gari, wanda aka sani da Fraser kafin a mayar masa da sunansa na asali a 2023.

Idan ka ga tsuntsaye suna faɗawa ruwa, kada ka jefa tsakiyar gungun telan da ke ƙarƙashinsu. Faɗuwar ƙarfe a kansu tana iya nitsar da su, kuma a tsakiya ne ake yanke zare. Jefa gefe ko ka wuce su, ka jawo ta gabansu.

Jifa da ja

Bar ƙarfen ya sauko santimita 60 zuwa 90 daga tsinin sanda kafin jifa. Kitsattsen zare yana yanka yatsa idan ya jiƙe, don haka naɗe manuniya da filasta ko ka sa safar yatsa, kuma ka tabbata birkin manaɗi, wanda yake sakin zare idan ja ya yi yawa, ba zai zame lokacin jifa ba. Dab da ƙarfen zai taɓa ruwa, ɗan taɓa bakin manaɗin da yatsa domin zaren ya miƙe, ƙugiya ta koma baya. In ba haka ba takan harɗe da zaren gaba, ƙarfen ya dawo a karkace yana juyi, jifan ya tafi a banza. Rufe marfin zaren, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake buɗewa a kan manaɗi kafin jifa, da hannu, ka ja shi ya yi tauri kafin ka fara naɗi. Sakakken zaren da ya hau manaɗi shi ne yake fitowa a dunƙule a jifa na gaba, ya ci maka minti goma a daidai lokacin da kifi yake ci.

Fara da ja mai sauri a miƙe, tsinin sanda yana kallon ƙasa-ƙasa, yadda ƙarfen zai yi gudu ƙasa da saman ruwa kaɗan, wani lokaci ya ɗan fasa shi. Ba za ka fi ƙarfin gudun tela da hannunka ba. Idan jifa goma sun wuce shiru, canza abu ɗaya kawai. Bari ya nitse kana ƙirga uku kafin ka fara ja, sannan biyar, sannan takwas, har ka gano zurfin da suke. Idan har yanzu shiru, sa tsayawa a ciki: juyi takwas da sauri, ka dakata daƙiƙa ɗaya, ka ci gaba. A wannan dakatawar ƙarfen yana faɗuwa yana walƙiya kamar kifin da aka datse, kuma sau da yawa da ka sake motsa hannu za ka ji an riƙe. Sai dai a lokacin faɗuwar ne aka fi cizon kai, wato an fi yanke zare, don haka kada ka tsawaita ta. Idan kana ganin suna bin ƙarfen har gaban ƙafarka suna juyawa, ƙara sauri ko ka rage girma. Rage sauri yana ba su damar ƙare masa kallo.

Minti ashirin a kwari ɗaya babu cizo, ɗauki jakarka ka nufi na gaba.

Bayan ya kamu

Saita birki tun kafin ka fara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zare, wato kilo 2 ga zaren kilo 8. Da saurin da kake ja, kifin da kansa yake soka wa kansa ƙugiya, ɗaga sanda kaɗan ya isa. Fizga mai ƙarfi da zaren da ba ya miƙewa yaga baki take yi. Daga nan abu ɗaya ne: kada zare ya saki ko na ƙiftawar ido. Idan ka ga zaren yana tasowa sama, tsalle zai yi. Kwantar da sandar gefe, ƙasa-ƙasa, ka ci gaba da naɗi.

Mafi yawan asara a mita biyar na ƙarshe take faruwa. Ruwan da yake komawa teku bayan igiya ta fashe yana jan kifin da ƙarfi, mai sanda kuma ya dage yana ja, ƙugiya ta ɓalle. Idan ruwa yana komawa, tsaya, ka bi shi da taku ɗaya ko biyu in ta kama. Jira igiya ta gaba ta ɗauko shi, ka ja da baya tare da ita har ta ajiye maka shi a kan yashi.

Kama shi ta bayan kai da ƙarfi, ka cire ƙugiya da filaya mai dogon baki. Yatsa ba ya zuwa kusa da bakin tela, ko ƙarami ne, ko ya yi kamar ya mutu. Wanda za ka ci, yanka maƙogwaronsa nan take jini ya fita, ka sa shi cikin ƙanƙara da aka dama da ruwan teku, kashi biyu ƙanƙara kashi ɗaya ruwa. Namansa mai laushi ne mai maiƙo, yana saurin lalacewa, kuma idan aka daskarar da shi yakan yi ruɓus. Ɗauki na ci yau da gobe, ko na banda, ka saki saura.

Doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Queensland mafi ƙanƙantar da aka yarda a ɗauka santimita 35 ne, a New South Wales da Yammacin Ostireliya santimita 30, kuma kowace jiha tana da iyakar adadin da mutum zai riƙe. New South Wales tana karɓar kuɗin izinin kamun kifi na nishaɗi. A K'gari ana rufe ruwan da ke kewaye da hancin duwatsun Indian Head da Waddy Point daga 1 ga Agusta zuwa 30 ga Satumba saboda masu ƙwai. Ana sabunta waɗannan ƙa'idoji, don haka duba na shekarar kafin ka fita. Mai jifa daga kan dutse kuma ya tsaya ya kalli teku na aƙalla minti ashirin kafin ya sauka, ya sa takalmi mai kama dutse da rigar da take hana nitsewa, wadda a wasu yankunan New South Wales doka ce ta tilasta ta, kuma kada ya juya wa ruwa baya ko yana cire ƙugiya.

Da ka koma gida, wanke duk kifin ƙaryan da ya taɓa teku da ruwan famfo, ka shanya su su bushe kafin ka mayar akwati. Guda ɗaya mai jiƙe da gishiri ya isa ya sa wa ƙugiyoyin akwatin gaba ɗaya tsatsa kafin mako ya zagayo.